Askin Sunan da Ban Yi Ba

Ni wanzami ne, ɗan wanzami, jikan wanzami. Ina da shago a Kazaure, kujera biyu da madubi da injin aski, amma ba shagon nan ne gadona ba. Gadona yana cikin zabira, jakar fatar da mahaifina ya bar mini da asake a ciki. In an yi haihuwa a gidan da muke yi wa aiki, sai a aiko mini da goro a ce ranar kaza suna. Ranar bakwai da safe, bayan liman ya raɗa suna, in shiga in aske wa jariri gashin da ya zo duniya da shi. Kuma a wurinmu wanda ya yi wa yaro askin suna shi ne wanzaminsa. Shi zai yi masa kaciya, shi za a kira in ya girma ya haifi nasa. Haka gidaje suke zama namu, kai bayan kai. In ka rasa kai ɗaya, to ka rasa duk wanda zai fito daga bayansa.

Cikin gidajen da na gada akwai wanda na fi ji da shi, a wani ƙauye can bayan Roni, gindin duwatsu. Mai gidan, wani tsoho, aminin mahaifina ne tun suna samari. Ranar da muka binne mahaifina, shi ya riƙe ni a bakin kabari. Duk wani kai da ke gidan nan, in ba askar kakana ce ta fara taɓa shi ba, to ta mahaifina ce, ko tawa. Autansa malamin firamare ne, ya yi shekara tara da aure Allah bai ba shi haihuwa ba. A daminar da nake ba da labari, na san matarsa tana da ciki har ya tsufa. Ba wanda ya faɗa mini, irin wannan ba a faɗa, amma wanzami yana shiga gidaje kuma yana da ido. Na wasa aska ta musamman na naɗe a tsumma na ajiye. Goro kawai nake jira.

To ga ƙanina. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ma'aikaci ne a sakatariya, ya haura arba'in, kuma tun da yake bai taɓa riƙe aska ba. Mutumin da in ya ga jinin kaza sai ya nemi wurin zama. Yana ƙaunata, ban musa ba. Matsalarsa ɗaya ce: duk abin da ba a cikin waya yake ba, a wurinsa ƙauyanci ne. Shi ya buɗe wa shagona shafi a intanet, ya sa hotona a sama ina murmushi kamar mai neman kansila. Bayan wata biyu ya dawo ya ce ya ƙara wani abu, yanzu mutum zai iya kama lokacin askinsa daga gida, ya danna rana, ya danna sa'a, ya zo ya tarar da kujera tana jiransa.

Gaskiya ɗaya ce, a shago abin ya yi amfani. Da, ranar Juma'a kafin masallaci sai na yi alƙalanci: wannan ya ce shi ya riga zuwa, wancan ya ce ai ya bar hularsa a benci tun ɗazu. Da shafin ya zo, ma'aikata da ɗalibai suka kama shi hannu biyu, rigima ta ragu. Na yaba masa a gaban mutane. Ashe da na yi shiru ya fi, don yabon ne ya hau masa ka.

Wata rana ya shigo ina tsakiyar yi wa wani dattijo gyaran ƙeya, ya ce, "Yaya, na sa askin suna ma a shafin."

Na ce, "Askin suna kuma? Ana kama wa haihuwa lokaci ne?"

"Ba haihuwar ba, Yaya, sunan. Mutum ya shiga ya kama safiyarsa. Kuma na tsara gida ɗaya a kowace safiya, don kada a haɗa maka Babura da Gwiwa rana ɗaya ka faɗi a kan babur."

Ni da na sha yin gida uku kafin rana ta yi zafi! Mahaifina da keke ya yi huɗu. Na buɗe baki zan faɗa masa haka, sai ya ci gaba da karanto mini wani saƙo da ya rubuta da sunana, wanda zai tura wa duk lambobin da ke wayata. Wai daga yau ba sai an wahalar da kai wajen aiko da goro ba, mai buƙata ya shiga shafi ya kama ranarsa, abin da shafi ya nuna shi ne magana. Aska tana hannuna, dattijo yana motsi, hankalina yana kan ƙeyar mutum. Na ce, "To." Wallahi ban taɓa furta kalmar da ta cuce ni kamar wannan ba.

Ba a yi sati uku ba wayata ta yi ƙara da la'asar. Saƙo daga shafin: gobe da safe akwai askin suna a Babura, ga lambar mai gida. Ban san gidan ba, sai na kira in ji kwatance. Wani Alhaji ne ya ɗauka, irin 'yan kasuwar nan da ke hulɗa da mutanen Nijar, ina jin hayaniyar buhuna da masu canjin sefa a bayansa.

Na ce, "Alhaji barka, Allah ya raya. Gobe ke nan suna. Ta ina zan bi in na shigo gari?"

Ya yi dariya. "A'a, Sarkin aska, ai ba ta sauka ba tukuna."

Na ɗauka kunnena ne. Na ce, "Wa bai sauka ba?"

"Iyalin. Watanta ne dai, yau ko gobe. Sai na ga an ce gida ɗaya kake yi a rana, na ce kada wani ya riga ni. Shi ne na kama safiya goma sha huɗu a jere, duk wadda ta faɗo daidai da sunan shi ke nan."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na san riga malam masallaci, amma ban taɓa ganin wanda ya riga Mahalicci ba sai ranar. Ɗa yana cikin uwarsa, bai ga duniya ba, ba a san namiji ne ko mace ba, ba a ma san yadda Allah zai sauke ta ba, kai kuma har ka kama wanzami! Mutumin nan da a gabana yake, ko za a yanka shi ba zai iya kallon idona ya ce mini matarsa ta kusa haihuwa ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Amma da yake gilashin waya yake dannawa, gilashi kuwa ba ya kallon mutum, sai ya danna sau goma sha huɗu ya koma kan buhunansa.

Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah ka saki kwanakin nan. In ta sauka lafiya ai kana da sati guda, ka kira ni, zan zo ko ana ruwan ƙanƙara."

Ya ce to, zai sa a duba masa, shi bai san inda ake sakewa ba. Ya kashe waya.

Na tafi gidan ƙanina a fusace. Na same shi yana haɗa kaya a jaka, wai gobe za su tafi Dutse taron bita na kwana goma. Na ce ya goge haukan nan yanzu-yanzu. Sai ya gyara zama ya fara yi mini lacca. Wai ba a goge wa mutum abin da ya kama da hannunsa, hakan yana zubar da mutuncin shafi. Wai Alhajin babban mutum ne, in muka riƙe shi zai jawo mana rabin Babura. Wai wanzami dai ba ya son jarfa, ni da nake tsara wa mutane kawunansu na ƙi a tsara mini kwanakina.

Na ce, "Kai, mutuncin shafi ko mutuncina? Shafin yana zuwa jana'iza ne?"

Ya ce, "Yaya, ka bar mini. In na isa masauki zan kira shi mu daidaita."

Bai kira ba. Ni kuma, in faɗi laifina da bakina, ban ƙara bi ta kai ba. A zuciyata na ce shafi na 'yan boko ne da baƙi irin Alhaji, gidajenmu na gado ai sun san hanyar ƙofata. Na manta sarai da saƙon da aka tura da sunana. Kullum da la'asar waya ta yi ƙara, gobe akwai suna a Babura, in ja tsaki in mayar da ita aljihu. Kullum da safe in buɗe shago in zauna. Lokacin noma ne, mutane suna gona, ba mai zuwa aski da sassafe. Na tuna wata Talata musamman, an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, duwatsu sun yi shar. Na zauna a benci na sha koko da ƙosai, na wanke tawul biyu na shanya, har na yi gyangyaɗi.

Ranar Alhamis wani manomi daga ƙauyen nan na bayan Roni ya shigo kasuwa, ya biyo a rage masa gemu. Na ɗaura masa ƙyalle, na shafa sabulu. Yana kallona ta madubi, yana son magana yana fasawa. Can ya ce, "Ashe kun sami saɓani da gidan Baba?"

Na ce, "Wane saɓani? Allah ya kiyaye."

"To ai shekaranjiya ba mu gan ka wurin suna ba. Matar Malam ta sauka, namiji. Wani wanzami aka ɗauko daga wajen Gwiwa. Mutane suna ta magana, wai kai ka ce ba ka da lokaci."

Na ajiye askar a hankali, don wuyan bawan Allah ne a gabana. Shekaranjiya. Talata. Ranar da na zauna ina shan koko ina gadin kwanakin ɗan da ba a haifa ba. Ban san yadda na ƙarasa gemun nan ba.

Na kira ƙanina. Yana cikin ɗakin taro, yana magana ƙasa-ƙasa, ni kuwa har masu keke a bakin titi suna juyowa. Abin da na faɗa masa ba zan rubuta shi duka ba, uwarmu ɗaya. Na ce ya cire askin suna daga shafin nan kafin in rufe baki, in ba haka ba in je Dutse in ƙwace wayar in jefa ta a dam. Ya ce, "Yaya, ai laifin Alhaji ne." Na ce laifin Alhaji ne, da naka, da nawa, kuma nawa ya fi don ni na san abin da ake riƙewa, kai ba ka sani ba. Ya cire a take. Abin da ya ce ba ya yiwuwa, cikin minti biyu ya yiwu. Matar Alhajin kuwa, don a ji ƙarshen wauta, sai da kwanakin nan goma sha huɗu suka ƙare tas sannan ta haihu.

Na rufe shago na hau babur. Hanya ta yi laka bayan Roni, sau biyu ina sauka ina turawa. Ina tafe ina tsara faɗan da zan yi wa Malam. Don shi ma ina jin haushinsa, ƙwarai kuwa. Yana da lambata. Na yi masa kaciya da hannuna lokacin ina bin mahaifina. Wace irin boko ce za ta hana shi danna kira ɗaya?

Na same shi a ƙofar gida, ya dawo daga makaranta ke nan, alli a hannun rigarsa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ban ko amsa da kyau ba na ce, "Malam, me na yi muku?"

Ya zaro waya ya nuna mini hoton da ya ɗauka na shafin. Ga ni a sama ina murmushi. A ƙasa, ranar Talata an shafe ta da toka-toka, kuma an rubuta: Wannan rana ta cika. A zaɓi wata rana.

A zaɓi wata rana! Suna ne fa. Bakwai bakwai ce, ba ta zama takwas don wanzami yana da uzuri. Wanda ya rubuta wannan magana bai taɓa ganin rago a ɗaure da tukwane a kan wuta ba.

Malam ya ce, "Yaya, ranar da ta sauka Baba ya ce a kai maka goro. Ni na ce masa a'a, ka aiko da saƙo cewa yanzu ta shafi ake bi, kada mu saɓa maka tsari. Na shiga na ga haka. Na duba Laraba, na duba Alhamis, ko'ina a cike."

"Sai ka kasa kira na?"

"Na ɗauko wayar zan kira. Baba ya hana."

Tsohon yana zaure a kan buzu, carbi a hannu, idanunsa sun yi rauni amma kunnensa garau. Ya ji komai. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ƙanina ma. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Ranar nan a zaune na wuni. Na'ura ce ta faɗa, ba ni ba."

Ya ce, "Da yaron nan ya karanta mini, na tambaye shi, wa ya ce? Ya ce shafinka ne. Na ce da hotonsa? Ya ce da hotonsa. Na ce to shi ya ce." Ya ja carbi biyu. "Mutum ya ce maka ya cika, ɗana, ba ka bin sa da roƙo. In ka roƙe shi zai zo don kunya, ya saɓa wa wani gidan. Ban so in sa ka a wannan ba."

Ka ji fa. Wai ni yake tausaya wa. Duk faɗan da na ɗauko tun daga Kazaure, ba wanda zan sauke wa. Na ba shi labarin Alhajin Babura da safiyoyinsa goma sha huɗu. Na zaci zai yi salati ya yi tir. Sai kawai ya girgiza kai ya ce, "Mahaifinka ya taɓa zuwa gidan nan ruwa har ƙugu, zabira a ka. Bai iya karatu ba, amma bai taɓa ce mana mu zaɓi wata rana ba."

Na sunkuyar da kai. Sai na ce, "Baba, an wuce wannan. Amma in Allah ya raya shi, in lokacin kaciya ya zo…"

Ya ce, "Ka fi ni sanin al'adarku. Mutumin nan an tashe shi daga gona, ya baro aikinsa ya zo, bai tambayi dalili ba. In na ƙwace masa yaron na ba ka, kai za ka yarda a yi maka haka?"

Ba zan yarda ba. Na sani, shi ma ya san na sani. Ba ni da abin cewa a kan wanzamin Gwiwa, an kira shi ya amsa, abin da ni ban yi ba ke nan.

Tsohon ya ɗaga murya ya kira matarsa, ya ce a kawo yaron ya gaisa da baƙo. Baƙo, a gidan da na san inda kowace randa take. Ta fito da shi a naɗe cikin zane, ta yi mini barka da zuwa a sanyaye, ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu. Yana barci, ɗan ƙaramin baki yana motsi.

Na ce, "Masha Allah. Allah ya raya mana. Wane suna ya samu?"

Malam ya kalli ƙasa. Tsohuwar ta juya ta koma ciki. Tsohon ne ya amsa.

"Sunan mahaifinka. Tun ranar da muka binne shi na yi alkawari, in Allah ya ba autana namiji, aminina zan mayar. Shekara tara ina jira. Na so a ce ɗansa ne ya fara taɓa kansa."

Sunan da bakina bai taɓa furtawa ba saboda girma, ga shi a hannuna bai kai nauyin kwano ba. Na ce a hankali, "Baba, sannu da zuwa." Sai na zame zanen daga kansa. Na shafa da babban yatsana tun daga goshi har ƙeya, na bi bayan kunnen dama, na bi na hagu, ina neman ko silin gashi ɗaya da aka manta in ce a bari in gyara. Mutumin Gwiwa ya iya aiki. Bai bar mini ko ɗaya ba.